Kukan Gaban Mota Wajen Shan Kwana

Jawabin da wani tsohon makaniki ya yi wa direbobi da yaran mota a ajin karatun manya.

An roƙe ni in yi muku magana a kan wani abu na sana'armu. Da na duba, sai na ga ba abin da ya fi kawo mutane gareji, su kuma kasa faɗin abin da ke tafe da su, kamar ƙarar nan da gaban mota kan yi sa'ad da a ke shan kwana. Mutum ya zo ya tsaya, ka ce, “Maigida, me ya same ta?” Ya ce, “Ƙara ta ke yi.” Ka ce, “Wace iri?” Ya ce, “Ƙara dai.” To, wannan daidai ya ke da wanda ya tafi asibiti ya ce wa likita ba shi da lafiya, sa'an nan ya yi shiru. Makanikin da ba a ba shi labari ba sai ya kama kwance-kwance, ya sake wannan, ya sake wancan, kuɗin mai mota na ta tafiya, ƙara kuwa tana nan inda ta ke.

Ƙarar gaban mota ba iri ɗaya ba ce. Ko wace tana da muryarta, tana da lokacin da ta ke fitowa, tana kuma da wurin da ta ke zaune. Wata kuɗi kaɗai za ta ci maka in ka ƙyale ta. Wata kuwa rai ta ke nema. Direban da ya iya rarrabe su da kunnensa tun ba a ɗauki sifana ba, shi zai san ran da zai iya lallaɓawa ya ƙarasa tafiyarsa, da ran da ya wajaba ya sauke fasinja ya tsaya.

Bari mu fara duba aikin da ƙafar gaba ke yi. Ƙafar baya hutawa ta ke in an gwada ta da ta gaba. Ta gaba tana ɗauke da nauyin inji, tana juyawa, tana hawa tana sauka bisa ga gargadar hanya, sa'an nan tana waiwayawa dama da hagu duk sa'ad da direba ya taɓa sitiyari. A yawancin ƙananan motocin da ke hannunmu yanzu an ƙara mata aiki na biyar, watau ita ce ke jan motar. Dattawan cikinku sun tuna da Peugeot 404, da 504 wadda a ka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar can cikin 1975. Waɗannan ƙafafun baya ke tura su. Amma Golf, tun fitowarta cikin 1974, da gaba ta ke ja, Corolla ma ta koma haka cikin 1983. Sabo da haka tambaya ta fari da za ka yi wa kanka ita ce, motar nan gaba ke janta ko baya? Gama akwai cutar da ba ta kama motar da baya kaɗai ke turawa, kamar yadda za ku ji.

Ina dalilin da ya sa kwana ke tona asirin gaban mota? Dalili biyu ne. Na ɗaya, in ka juya sitiyari, gaɓoɓin da ke riƙe da ƙafa duk sai su lanƙwasa, wadda ta bushe ko ta ci kuwa sai ta yi magana. Na biyu, nauyi kan kau. Ku tuna yadda fasinja kan zube a kan juna in direba ya sha kwana da gudu. In ya yi hagu, mutane sai su faɗa dama, in ya yi dama su faɗa hagu. Yadda mutane ke yi haka nauyin motar duka ke yi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kafin mu tafi nesa, ga abin da ya fi kome sauƙi, wanda kuma a ka fi mantawa da shi. Ɗauko sifanar taya ka gwada notocin ƙafa ɗaya ɗaya. Sau da yawa an kai taya wurin mai faci, yaro ya mayar ya ɗaura da hannu, wani ya kira shi, ya mance bai ƙarasa ba. Ƙafar da notocinta su ka saki ta kan yi ƙwal-ƙwal, ƙarar kuma ta kan sake in an karya sitiyari. Aikin minti biyu ne, ba ya cin ko kwabo. Na ga wanda ya zo da kuɗin sayen shaf a aljihu, ashe noti huɗu ne ke rawa.

In notoci lafiya su ke, sai ka nemi fili inda ba mutane, ba dabbobi, ba yara masu wasa. Kashe rediyo, sauke gilashi duka, ka ce wa wanda ke tare da kai ya yi shiru. Abin da za ka lura da shi shi ne, yaushe ƙarar ke fitowa? Mota na tsaye kana juya sitiyari, ko tana tafiya a hankali sitiyari ya ƙure, ko kuwa sai tana gudu a kan hanya?

Mu ɗauki ta tsakiya, don ita ta fi yawa. Juya sitiyari har ya ƙure gefe ɗaya, sa giya ta ɗaya, ka yi ta zagaya a hankali kana ɗan ba ta wuta. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, kamar an sa kara a cikin wilin keke, in ka ƙara gudu ta ƙara sauri, in ka miƙe sitiyari ta ɗauke, to, kan shaf ne. Gwada da ribas, sau da yawa ta fi fitowa sarai. Sa'an nan ka juya ɗaya gefen ka sake.

Mene ne kan shaf? Shaf sandan ƙarfe ne da ke ɗauko ƙarfin inji daga akwatin giya ya kai wa ƙafa. Amma ƙafar gaba ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana waiwayawa. Ƙaƙa za a yi sanda miƙaƙƙe ya juya ƙafar da ta karkace? Wannan ya daɗe yana damun masu ƙera motoci, shi ya sa motocin farko galibi baya ke tura su. Wani injiniya mai suna Alfred Rzeppa, wanda ya yi aiki a kamfanin Ford a Amurka, shi ya fito da dabarar da a ka fi bi, a cikin shekarun 1920. Ya yi wani ƙoƙon ƙarfe mai kwari-kwari a ciki, ya sa wani dunƙulen ƙarfe a tsakiya, shi ma da kwari-kwari, sa'an nan ya jera ƙwallayen ƙarfe shida a tsakaninsu, da wani keji mai riƙe su. Ƙwallayen na kai da kawowa cikin kwarin, sai ga shi ƙafa ta karkace har kusan rabin kusurwar ɗaki, amma juyin na isa gare ta sumul, ba fizga. Ƙaramar motar nan Mini, da a ka fito da ita a Ingila cikin 1959, tana cikin waɗanda su ka yaɗa wannan dabara, yau kuwa ga ta nan ƙarƙashin kusan ko wace tasi.

Wannan gaɓa tana iyo ne cikin wani baƙin giris, an rufe ta da roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri, an ɗaure bakin robar da zoben ƙarfe. Muddin robar nan na da lafiya, kan shaf ya kan yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Amma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin ƙasarmu ya kan busar da roba ta tsattsage, ko kututture ya yage ta a hanyar ƙauye. Da ta yage, juyin shaf sai ya watsar da giris waje, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ruwa da laka su bi baya. Rairayi in ya gauraya da sauran giris ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ya yi ta cin kwarin nan har ya yi musu gurbi, ƙwallayen su riƙa faɗawa suna fita. Faɗawar nan da fitar ita ce ƙas-ƙas ɗin da ka ke ji.

Don ka san ko wane gefe ne, sa wani ya tsaya can waje da da'irar da ka ke zagayawa ya saurara. Sa'an nan gani ya kori ji. Tsaya, kashe inji, juya sitiyari ya ƙure, leƙa bayan ƙafa. In ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin wili da jikin shakazoba, ka ga robar a yage, ka sami ɓarawonka.

A nan ne na ke jin haushin direbobi. Roba abu ne mai araha, kan shaf kuwa ya ninka ta sau da yawa. Wanda ya saba leƙawa ko sau ɗaya a wata, ko duk ran da a ka sake baƙin mai, zai ga yagewar tun ba a fara ƙara ba. A kwance, a wanke gaɓar sarai, a cika ta da girisinta, a sa sabuwar roba, shi ke nan. Amma in ta riga ta fara ƙas-ƙas, ƙarfe ya ci, ba girisin da zai mai da shi. Wanda ya ce maka zai cusa giris ya ɗaure da leda da igiyar roba, ƙarar kaɗai zai rage na 'yan kwanaki. Kan shaf mai ƙara ya kan ja lokaci kafin ya mutu, ba na ce ka kwana a daji dominsa ba. Amma ranar da kejin ya fashe, za ka sa giya inji ya yi ta kuka mota ba ta motsa ba, ba kuwa shi zai zaɓa maka wurin da zai yi hakan ba. Wanda motarsa baya kaɗai ke turawa, wannan cuta ba tasa ba ce, kada wani ya sayar masa da maganinta.

Shaf yana da wani kai kuma na ciki, wajen akwatin giya. Shi ba ruwansa da kwana. In ya ci, karkarwa za ka ji a jikin mota sa'ad da ka taka totur, ta lafa in ka ɗaga ƙafa.

To, sai ƙarar da ke fitowa da gudu. Wannan ba ƙas-ƙas ba ce, gurnani ne, wuuu, kamar jirgin sama na wucewa can nesa. Ta kan fara ƙasa-ƙasa har mutum ya saba da ita bai sani ba, tana ƙaruwa da ƙaruwar gudu, ba ruwanta da giyar da ka ke ciki. Wannan boris ne na ƙafa, watau ƙwallaye ko 'yan sandunan ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu, irin na gindin keke amma manya. A nan maganar nauyi ta dawo. Sami hanya mai kyau, ba mota gaba ba mota baya, kana tafiya madaidaiciya, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka ɗan karkata dama, a hankali, ba fizga ba. In ka yi hagu nauyi ya koma dama. Sabo da haka in gurnani ya ƙaru sa'ad da ka yi hagu, ya ragu sa'ad da ka yi dama, galibi boris na dama ne ya lalace. Mutane da yawa su kan juya wannan lissafi, su sake na gefen da ba shi da laifi. Na ce galibi, ban ce kullum ba, don haka sai an ɗaga ƙafa an tabbatar. Ni dai a aikina na fi samun ɓarna a ƙafar dama. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ƙafar dama ita ke bin bakin kwalta, inda hanya ta fi zaizayewa, ita ke sauka ƙasa in babbar mota ta matso.

Akwai mai kwaikwayon muryar boris, ita ce tayar da ta ci ba daidai ba, ta yi tudu da kwari. Shafa tafin hannunka a kanta, za ka ji. In kana shakka, mai da ƙafar gaba baya, ta baya gaba. In gurnani ya bi ƙafar ya koma baya, taya ce. In ya tsaya inda ya ke, boris ne. Kada a yi sakaci da shi. Boris da ya lalace ya kan yi zafi, ya kan kama, ya kan kuma sa ƙafa ta yi rawa har birki ya ƙi ci sosai. Wajen sa sabo kuma a lura, yawancin na motocin yanzu a rufe su ke zuwa, da matsi a ke shigar da su. Wanda a ka buga da guduma ya ji ciwo tun bai fara aiki ba.

Yanzu ku gyara zama, ga wadda ta sa na yarda in zo nan. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya ga yadda kan ƙashin cinya ke zaune cikin ƙoƙon kwankwaso, dunƙule cikin gurbi, yana juyawa ko ina amma ba ya fita. Haka a ka yi wa mota. Ƙafar gaba tana haɗe da hannun ƙarfen da ke ƙarƙashinta ta wurin wata gaɓa irin wannan, makanikai na ce mata boljoyin. Sandan da ke tura ƙafa dama da hagu daga sitiyari, wanda a ke kira tayarod, shi ma a bakinsa akwai ƙaramar irinta. Ko wace tana da 'yar robarta da ɗan girisinta. In robar ta fashe, dunƙulen ya bushe, ya fara cin gurbinsa.

Muryar wannan ba ta da ƙarfi, abin da ya sa ta ke da haɗari ke nan. Da fari ƙiii ce, kamar tsohon ƙyaure, sa'ad da ka ke juya sitiyari a hankali. Daga baya ta zama ƙwal guda ɗaya, ko gum, in ka shiga kwana ko ka hau tudun rage gudu ko ka faɗa rami. Ba ta jeruwa kamar ta kan shaf. Tare da ita za ka ga mota na yawo a hanya, kana gyara sitiyari ba hutawa, gefen taya ɗaya kuma na cinyewa da sauri. Ran da gurbin ya gaji, dunƙulen sai ya fice. Ƙafa ta kwanta waje, gaban mota ya dafa ƙasa. Kun sha ganin mota a bakin hanya ta durƙusa kamar raƙumi, ƙafa ɗaya a karkace. In tayarod ne ya fice, ƙafar ta bar bin umurnin sitiyari ke nan, ta nufi inda ta ga dama.

Ba labari na ke ba ku ba, da hannuna na taɓa yin wannan kuskure. Ina saurayi, ban daɗe da samun 'yancin kaina daga wurin maigidana ba, wani direban tasi ya kawo mini mota tana ƙiii a kwana. Yana sauri, ranar kasuwa ce, fasinja na jiransa. Na leƙa na ga robar boljoyin ta fashe. Maimakon in ɗaga ƙafa in girgiza, sai na ɗebo baƙin mai na tsiyaya a wurin, na ce ya juya sitiyari. Ƙara ta ɗauke ɗif. Ya yi murna, ya sa mini albarka, ni ma na ji kaina gwani. Bayan kwana tara sai ga yaronsa a guje. Motar ta durƙusa a bakin tasha sa'ad da ta ke karyawa za ta shiga, da mutum shida a ciki. Ba wanda ya ji ciwo, don tafiyar ba ta fi ta mai keke ba. Amma a ranar nan daga Zariya ya taso. Na tsaya ina duban dunƙulen nan da ya fice, ya sha baƙin man da na zuba masa yana ƙyalli, na tuna da hanyar da ya biyo da irin gudun da a ke yi a kanta, ƙafafuna su ka kasa ɗaukata. Mutumin bai zage ni ba. Cewa ya yi, “Malam, da ka bar mini ƙarar, da na dawo.” Tun daga ran nan ban sake kashe wata ƙara ba sai na san abin da ke yinta.

Ga yadda a ke gwadawa, ko wane direba kuwa ya kamata ya iya. Tsai da mota a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ja birkin hannu, sa waji a ƙafafun baya. Ɗaga ƙafar da jak, sa'an nan ka tokare motar da ƙarfen tokara ko gungumen itace mai ƙwari. Kada ka yarda da jak shi kaɗai, kada kuma ka tokare da bulon siminti, ya kan ruguje ba sallama. Kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka tura sama ka jawo ƙasa, ka sake. Ƙafa mai lafiya ba ta motsi. In ka ji ɗan ƙwas-ƙwas, ko boris ne ko boljoyin. Ƙaƙa za ka raba su? Sa yaronka ya shiga ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In rawar ta ɓace, boris ne, gama birki ya kama abin da ke rawa. In tana nan, gaɓa ce. Sa'an nan ka mai da hannuwanka, ɗaya a gaban taya ɗaya a bayanta, ka girgiza dama da hagu. Rawa a nan ta tayarod ce, ko ta cikin sitiyarin kansa. Wani ya leƙa da tocila yana duban gaɓar sa'ad da ka ke girgizawa, zai ga inda ƙarfe ke motsi dabam da ɗan'uwansa. Daga ƙarshe ka juya ƙafar da hannu, ɗaya hannun ka ɗora a kan sifirin. Boris da ya ci za ka ji gurzarsa a yatsunka ko kunne bai ji ba.

Sai dai akwai motocin da ƙarfin sifirin ke danne boljoyin in an ɗaga su ta jiki, har rawar ta ɓuya. Irin waɗannan a ƙarƙashin hannun ƙarfen a ke sa jak, a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga. In kunnenka ya ce akwai, hannunka ya ce babu, kada ka yanke hukunci, kai wa wanda ya san irin motar. In kuwa ka sami rawa a boljoyin ko a tayarod, motar nan ba ta ɗaukar fasinja sai an sake shi. Ba a matse shi da guduma, ba a yi masa walda, ba a cusa masa leda. Na san ana yi, na kuma san inda masu yi ke ƙarewa.

Saura ƙarar da ke fitowa mota na tsaye. In inji na aiki, ka juya sitiyari ka ji kuka, wiii, daga wajen inji, yana ƙaruwa in sitiyari ya kusa ƙurewa, buɗe murfin inji ka duba man sitiyari. Galibi ya ragu, famfon na shan iska, za ka ga man ya yi kumfa. Cika shi da irin man da a ka rubuta a murfin ko a littafin motar, ga amfanin karatun da ku ke yi. Kada ka zuba man birki ko baƙin mai. Sa'an nan ka nemi inda ya ke yoyo, don mai ba ya ƙarewa haka kawai. In kuwa tsuwa ce mai kaifi, musamman da sassafe, bel ne ya saki ko ya tsufa. Kada ka saba danne sitiyari a ƙure kana riƙe da shi, yana wahal da famfo. Motoci da yawa na yanzu sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da wannan mai sam, kada ka ɓata lokaci kana neman gwangwaninsa.

Wani lokaci kuma, mota na tsaye kana juyawa, sai ka ji ɓam, kamar an saki tsirkiyar baka. Wannan daga saman shakazoba ne. Akwai wani ɗan boris a can da ke barin shakazoba da sifirin su juya tare da ƙafa. In ya kama, sifirin sai ya murɗe, ya murɗe, sa'an nan ya kuɓuce gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu ba da tsoro a banza. Wanda ya sa tayar da ta fi ƙa'idar motarsa girma, in sitiyari ya ƙure sai ta goga robar cikin madigadi, za ka ga wurin ya yi sulɓi. Tsakuwa kan maƙale tsakanin faifan birki da farantin da ke bayansa ta yi ta ƙara kamar ana wasa wuƙa. Ɗan sandan sitabilaiza in ya saki ya kan yi ta ƙwalƙwal a hanya mai gargada, ko ana kwana ko ba a yi. Waɗannan a gyara su in an sami sarari.

In ka je gareji yanzu, ga irin maganar da za ka yi: “Malam, in na ƙure sitiyari hagu ina tafiya a hankali tana ƙas-ƙas a jere, in na miƙe ta daina, na kuma ga giris a cikin wilin hagu.” Ko ka ce, “Gurnani ta ke yi da gudu, ya fi yawa in na karkata hagu.” Makaniki ya ji haka ya san da wanda ya ke magana. Ka ce ya shiga ku zagaya tare ya ji da kunnensa, ya kuma nuna maka rawar da hannunsa kafin ya kwance kome. Wajen sayen kaya, shaf na hannu mai kyau ba laifi in an duba shi an sa masa sabuwar roba. Amma boljoyin da tayarod, ni ba na sa na hannu, ba na kuma sa wanda arharsa ta yi yawa, don ba ka ganin cikinsa. In an gama, duba da idonka ko an mai da 'yar ƙusar nan mai baki biyu da ke hana noti kwancewa, a motar da a ka yi ta da ita. In an taɓa tayarod, a kai mota a daidaita ƙafafu, watau alaimen, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye cikin 'yan makonni. Karɓi tsohon ƙarfen da a ka cire, ka juya shi a hannunka ka ga inda ya ci. Sa'an nan ku koma filin nan, kai da makanikin, a sauke gilashi, a ƙure sitiyari hagu, a ƙure dama, gaba da ribas, kafin ka biya.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Gobe da safe kuma akwai mota a gareji da za mu ɗaga, mai so ya zo ya kama taya da hannunsa ya ji yadda rawar ta ke.